Tumatir a Kan Dutsen Sallau

Litinin, 27 ga Janairu, bayan azahar

Raina a ɓace yake, kuma ba ni da wanda zan amayar wa, shi ya sa na ɗauki biro. Baban Aziza yana gona tun asuba ana ɗibar tumatir, ko ya dawo ma na san abin da zai ce: "Ki yi haƙuri." Kullum maganar ke nan, ko gobara ce ta tashi.

Firdausi ce, ta Bunkure, ta saka hoto a guruf ɗinmu na wasaf. Guruf ɗin da ni Ummulkhairi na buɗe da hannuna, na raɗa masa suna Mu Sayi da Ido, don matan Kura da Bunkure da Kadawa mu daina zama saniyar tatsar 'yan kasuwa. Dokarmu ɗaya ce, kuma ni na kafa ta: duk wadda aka sayar wa jabu ta fito da hoto da sunan mai kaya, ba sani ba sabo. Da dokar nan muka tona asirin mai atamfar da ke zuba tun wankin farko, da ita muka kori mai injin markaɗen da ke ƙonewa ranar da aka kunna shi. Lokacin har guɗa ake min a boyis.

Hoton na kantar kicin ɗinta ne, baƙin dutsen giranayit da aka ɗora mata kwanan baya. Ya yi dabbare-dabbare fari-fari kamar jikin mai ƙyasfi. A ƙasa ta rubuta: "Aikin Sallau mai tayil na bakin tasha ne. 'Yan uwa a yi hattara."

Sallau ƙanena ne. Uwa ɗaya uba ɗaya, a bayana ya yi wayo. Kuma Firdausi ta sani sarai.

Talata, 28 ga Janairu, da hantsi

Yanzu na ji yadda aka yi. Tumatir ya faɗi warwas a kasuwar Kwanar Gafan, mijin Firdausi ya ce ba zai bayar a wulaƙance ba, ya kwaso kwanduna ya jibge mata a gida ta yi kauɗa. Ita kuwa gwana, maimakon ta shimfiɗa buhu a tsakar gida ta yanka ta shanya kamar yadda uwarta da kakarta suka yi, sai ta tsaya a kicin, 'yar gayu, ta yini tana yanka a kan kanta. Ruwan tumatir ya kwana a kai. Da safe ta goge, sai ga ɓarna.

To don Allah laifin wa? Wa ya taɓa yin kauɗa a kan kanta? Gobe sai ta ɗora turmi ta yi daka a kai, in ya tsage ta ce Sallau ne. Mtsw.

Na rubuta hakan a guruf, da lafazi mai daɗi. 'Yan tsiraru suka ce gaskiya ne.

Laraba, 29 ga Janairu, bayan la'asar

Guruf ya kama da wuta. Tun safe wayata take ƙara har ta yi zafi. Yau kowa ta zama injiniya. Wannan ta ce giranayit kala-kala ne, akwai ɗan gida akwai ɗan waje, ɗan waje ya fi sheƙi amma ɗan gida ya fi ƙwari. Waccan ta ce ƙarya ne, nata ɗan waje ne kuma tukunya daga wuta take saukewa a kai. Wata ta rantse mabul aka sayar wa Firdausi da sunan giranayit. Har wadda na san a murhu take girki, ko daɓen siminti babu a madafarta, ita ma ta turo boyis mai tsawon huɗuba.

Sai Khaulat ta shigo. Malamar makaranta ce a Kadawa, yarinya ƙarama da ita, amma komai sai ta ce "na bincika". Ta ce ta karanta a wani dandalin intanet inda masu gina gidaje ke tafka irin wannan muhawarar, wai giranayit na gaske ba ya tsoron tsami. Wai akwai wani dutse mai ruwan toka da ake shafa wa baƙin rini a goge shi ya yi ƙyalli, a sayar da sunan baƙin giranayit, da tsami ya daɗe a kai sai rinin ya tashi. Su can da lemon tsami suke gwadawa kafin su saya.

Rini! A Kura za a zo ana koya mana rini. Kakanmu na wajen Inna a karofi ya tsufa, har ya koma ga Allah hannunsa shuɗi ne. Wai yanzu dutse ake rinawa. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Alhamis, 30 ga Janairu, da magariba

Sallau ya kira.

"Yaya, ke ce fa admin."

"Na sani."

"To ki goge hoton mana. Alhajin injin shinkafar nan da zan yi wa kicin ya ce in dakata. Matarsa tana guruf ɗinku."

Na ce masa in na goge yau don ƙanena ne, gobe da wane baki zan yi wa ƙanin wata magana? Ya ce, "Au, bakinki kike ji, ba abincina ba?" Ya kashe waya a kunnena. Ni! Yaron da na sha dukan Inna saboda shi.

Akwai tambaya ɗaya da ya kamata in yi masa game da dutsen nan. Ban yi ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu, bayan azahar

Sun ƙirƙiro gwaji. Wata ce ta ce mu da tumatir yake ruɓewa a bakin titi, me za mu yi da lemon tsami? Shi ke nan aka tsayar: duk mai baƙar kanta ta raba tumatir biyu, ta kifa a kai daga azahar zuwa magariba, ta goge, ta ɗauki hoto. Gwajin tumatir suke ce masa. Abin ya zame musu wasa, har ana gardamar wane iri ya fi tsami, dogon ko mai zagaye, nunanne ko wanda ya fara lalacewa.

Wallahi mata ba su da aikin yi. Ruwan kanal bai iso layin gonarmu ba tun shekaranjiya, albasa na neman ƙonewa, su kuwa suna can suna kifa tumatir a kan dutse.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, bayan magariba

Hotuna sun fara shigowa. Wasu kantocin ko gezau. Wasu sun yi farin zobe daidai faɗin tumatirin. Ba zan rubuta wanda ya ɗora masu zoben ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu, da safe

Yau ba zan taɓa waya ba.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Na taɓa.

Khaulat ta tono tsohon hoton da na saka bara, lokacin da Sallau ya ɗora min tawa kantar kyauta, ya ce Yayarsa ta daina durƙuso a ƙasa. A ƙasan hoton na rubuta cewa duk mai son aikin amana ta nemi ƙanena. Shi ta dawo da shi, ta ƙara da nata: "Anti admin, cikin girmamawa, da yawanmu saboda wannan hoton muka ba shi aiki. Naki gwajin muke jira."

Cikin girmamawa! Yarinyar da a gabana aka yi goyonta. Na kulle guruf ɗin, na mai da shi admin kaɗai ke iya magana. Su je su kifa tumatir a goshinsu.

Talata, 4 ga Fabrairu, da hantsi

Ashe sun buɗe wani guruf ba da ni ba. Maƙwabciyata ce ta nuna min a wayarta, tana wani kakkauda kai kamar ba daɗi take ji ba. Wata ta rubuta a ciki: "Doka ta zo kan ƙanin mai doka, an rufe ƙofa." Wata ta ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin ya yi min ciwo fiye da yadda na zata. Na buɗe namu, na rubuta cewa hannuna ne ya taɓa ban sani ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na je gaida Inna kamar yadda na saba duk Juma'a. Ta bar ni a durƙushe sai da gwiwata ta yi tsami kafin ta amsa. Nafisat matar Sallau tana gidan, ido a kumbure, ta gaishe ni ciki-ciki ta shige ɗaki.

Inna ta ce, "Ni ban san guruf ba, ban san waya ba. Na dai san ɗana ya daina fita aiki, kuma an ce da hannun 'yar uwarsa a ciki."

Na ce, "Inna, wallahi ba ni na saka hoton ba."

Ta ce, "A zauren wa aka zauna ana cin namansa? Ba naki ba ne? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Khairi. In ma ya yi laifi, a tsakar gida ake faɗa masa, ba a kasuwa ba."

Ta ƙara wata magana bayan wannan. Ba zan rubuta ta ba, ba na so in buɗe littafin nan wata rana in gan ta.

A ɗan sahu na dawo ina kuka cikin mayafi, mai keken sai leƙena yake ta madubi. Na ce masa ya kalli gabansa kada ya zuba mu a kanal.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da safe

Baban Aziza ya shigo kicin ya same ni zaune a kujera 'yar tsugune ina yanka kayan miya a faranti. Ya kalle ni, ya kalli kanta, ya ce, "Ba ke kika ce durƙuso yana tayar miki da ciwon baya ba?"

Na ce, "Bayanka ne ko nawa?"

Ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Bawan Allah, bai ci ba bai sha ba. Amma shi ma me ya kai idonsa?

Litinin, 10 ga Fabrairu, da la'asar

Sallau ya zo. Ya rame, rigar ma ta yi masa yawa. Ina ganinsa zuciyata ta karye, na tashi zan zubo masa abinci, ya ce a ƙoshe yake. Ya kwance wani buhu ya fito da guntun baƙin dutse, faɗinsa kamar tire.

"Yaya, wannan na gaske ne. Ki kifa tumatirin a kansa, ki matso da wayar kusa-kusa, wa zai gane ba kantarki ba ce? Sau ɗaya tak. In hayaniya ta lafa, ni zan bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya in san yadda zan yi."

Wannan na gaske ne. To sauran da ya ɗora fa, har da tawa? Na so in tambaye shi. Tsoron amsar nake ji, gaskiyar ke nan.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ni za ka mayar 'yar rufa-ido?"

Ya ce, "Lokacin da kike tallata ni ana yabonki ai ba ki ce haka ba. Ni dai na zo wajen 'yar uwata. In ba ni da ita, a faɗa min."

Ya jingine dutsen a bayan ƙofar kicin ya tafi. Ko ruwa bai sha ba.

Talata, 11 ga Fabrairu, bayan azahar

Allah ya isa tsakanina da Firdausi da kauɗarta. Allah ya isa tsakanina da faɗuwar tumatir. Allah ya isa tsakanina da wanda ya fara kawo dutsen nan ƙasar Kura. Iyayenmu a ƙasa suka yi girki, suka haife mu, suka aurar da mu, babu wadda kanta ta raba da ɗan uwanta.

Guntun dutsen yana nan bayan ƙofa. Duk shigar da zan yi sai na buge shi da ƙafa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da hantsi

Har yanzu ana yi. Wata ta ce a shafa man gyaɗa zoben zai ɓace, wata ta gwada ta ce ƙudaje kawai ta tara. Wani ƙato ya saɗaɗo cikin guruf da hoton mace yana tallan nasa dutsen, wai orijinal, na gane shi na cire shi. An kawo shawarar daga yau duk mai sayen dutse ta je da tumatirinta shago, ta gwada a gefen da za a yanko mata kafin a ɗora a mota. Shawara ce mai kyau. Da a kan wani ne da ni zan fara yaɗa ta.

Firdausi ta yi boyis, murya a sanyaye: "Ni fa ba faɗa nake ba, Anti Khairi. Kawai kada wata ta faɗa inda na faɗa." Ji munafunci. Ta kunna wuta ta koma gefe tana salati.

Kuma kullum sai wata ta tambaya: admin, ina naki? Admin, ko tumatir ya ƙare a gidanku mu aiko? Gidan manomin tumatir suke wa wannan baƙar maganar.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, da yamma

Ban iya zuwa gidan Inna ba. Na aika mata tumatir da albasa. An dawo da su.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, bayan la'asar

Sa'adiya ta Kadawa ta yi min boyis ni kaɗai, ba a guruf ba. Tun da mijinta ya rasu ita ke noman gonarsu, ita ke ban ruwa, a rumfar kara take girki rani da damina, sai bana Allah ya ba ta ikon tada ɗan kicin.

Ta ce, "Anti Khairi, ni hayaniyar guruf ta ruɗa ni, ban iya karatun nan nasu ba. Sallau ya zo ya auna, ya ce ranar Laraba zai kawo dutse. Ke kaɗai na yarda da ke. In kin ce in bari ya ɗora, zan bari."

Na saurara, na sake saurara. Ranar Laraba! Ana cikin wannan masifar yana aune-aune a gidan marayu. Wane dutsen zai kai mata, irin na bayan ƙofata ko irin na Firdausi? Ban sani ba. Ni da nake yayarsa ban sani ba.

Ban ba ta amsa ba. Ta ga na buɗe saƙon, na san ta gani.

Litinin, 17 ga Fabrairu, bayan azahar

Na raba tumatir. Na tsaya da shi a hannu ina kallon guntun da ke bayan ƙofa har ruwan ya gangaro min gwiwar hannu. Sannan na kifa shi a kan kantata, a tsakiya, inda ba abin da zai rufe. Na ja ƙofar kicin na fito.

Ya Allah ka kunyata Khaulat. Ya Allah ka sa in goge in ga baƙi.

Litinin ɗin, bayan magariba

Fari ne. Zobe tas, kamar an ɗora kofi. Tsumman da na goge da shi ya yi baƙi.

Na wanke da sabulu, na dirje, na shafa mai. Yana nan.

Na ɗauki hoto daga nesa yadda kowa zai gane kicin ɗina ne, na tura guruf. Ban rubuta komai a ƙasa ba. Haushi nake ji kamar in fasa wayar, kuma ban san haushin wa ba, nasa ko nawa.

Talata, 18 ga Fabrairu, da safe

Sai yabo ake. Uwar gaskiya, jaruma, Allah ya ƙara mana irinki. Waɗanda suka buɗe guruf a bayan idona su ne kan gaba wajen guɗa. Khaulat ta rubuta, "Anti, kin burge ni." Burgewar banza. In ta ji daɗi ta zo ta raka ni gidan Inna mana.

Sa'adiya ta ce ta gode, ta ce wa Sallau ya dakata.

Babu wadda ta ce min sannu. Ji nake kamar in jefa wayar nan a kanal.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da azahar

Shiru. Bai kira ba. Inna ba ta aiko ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da hantsi

Ya zo. Ina shara na ji ɗan sahu ya tsaya a ƙofar gida, sai sallamarsa. Ya shigo da guduma da kurfi, mai keken yana biye da shi. Ya wuce ni kamar bai ga mutum ba, ya shiga kicin, ya sauke tukwanena da kwanukana ƙasa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ko ƙara ba su yi ba. Sannan ya fara sassaƙe simintin da ke riƙe da kantar.

Na ce, "Sallau, me kake yi haka?"

"Kayana zan ɗauka. Kada jabu ya ɓata miki kicin."

Na yi masifa. Na ce ya fasa ta ma in ya ga dama, na ce shi ya jawo mana wannan abin kunyar, na ce saboda shi uwata ta dawo min da aike. Na faɗi abin da na tara tun farkon abin nan. Bai ɗago ba. Aikinsa yake yi da natsuwa, irin yadda ya yi ranar da ya ɗora ta. Suka cicciɓe ta shi da mai keken suka fitar, ya dawo ya ɗauki guntun bayan ƙofa ya sa a buhu, ya tattare ɓaraguzan da hannunsa.

A bakin zaure na sha gabansa. Muryata ta riga ta dishe. Na ce, "Don girman Allah ka faɗa min abu ɗaya. Ka san rinanne ne kake ɗora wa mutane, ko kai ma cutarka aka yi a birni?"

Sai a lokacin ya kalle ni. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Ya ce, "Sai yau? Da kin tambaye ni kafin ki tura hoton, da na faɗa miki. Yanzu ki tambayi guruf ɗinki."

Baban Aziza yana shigowa daga gona suka yi kiciɓis. Sallau ya rusuna ya gaishe shi, ya tambaye shi ruwa ya iso layinsu, ya yi masa fatan kasuwa ta gyaru. Ya hau keken, ya dafa dutsen da hannu ɗaya kada ya zame, suka tafi. Ni bai waiwayo ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, bayan azahar

Yau ranar zuwa gaida Inna ce. Na yi wanka, na sa mayafi, na sa takalmi. Ina zaune a bakin gado.